Sabilin Ƙofar Gidan Barau

Baba Barau ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin watan Sha'aban na shekarar 2013, a ɗakinsa na ƙasa a unguwar Ƙurban. An sallace shi a Masallacin Annabi bayan la'asar, aka binne shi a Baƙi'a. Takardar zamansa ta ce shekarunsa tamanin da takwas, shi kuwa yakan ce wanda ya rubuta ya dube shi ne kawai ya ƙiyasta. Da muka dawo daga maƙabarta, muka tarar 'yarsa Zenabu ta zare wayar wutar barradar da ke ƙofar gida, ta naɗe ta, ta ja ta cikin taga.

Barrada ita ce injin sanyaya ruwan sha. A Madina ana kafa irinta a bakin titi, da kofin ƙarfe ɗaure da sarƙa, don mai wucewa ya sha kyauta. Ana kiran wannan sabil, kuma yawanci sadaka ce ga wani mamaci. Wanda ya sha yakan roƙa wa mai sabilin rahama kafin ya ajiye kofin. Wasu na manna allo mai ɗauke da sunan mamacin. Ta Baba Barau ba ta da allo, amma duk layinmu an ɗauka ta matarsa Lami ce, wadda ta rasu shekaru goma sha biyu kafin shi. Zenabu ma haka ta ɗauka.

Ni sunana Yahya. Na yi aikin jarida a Kaduna kafin in zo nan in kama aikin tafinta a wani otal kusa da Harami. Ina hayar ɗakin saman gidan. Abin da zan faɗa, ko dai na gani ne, ko an faɗa a gabana.

Ƙoda ce ta kwantar da shi. Likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki wankin ƙoda ba, ya sallamo shi gida da sharaɗi guda: kada ruwan da zai sha a yini ya wuce kofi biyu, domin jikin ya daina fitar da shi, yana taruwa a ƙirji. Zenabu ta riƙe wannan sharaɗi da ƙarfi. Ita ce autarsa, kuma ita kaɗai ta rage a Madina cikin 'ya'yansa. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan da 'yarta Wafa. Tuwo da miyar kuka take dafa wa alhazan Najeriya, ana kai musu masauki, amma da jikin tsohon ya yi nauyi ta bar wa wata sana'ar. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke yanke masa farce.

Wata ranar Alhamis na sauko da azahar zan tafi aiki, na ji suna jayayya. Yana roƙon ruwa, tana ce masa ya riga ya sha na safe, sauran sai magariba. Ya hango ni ta ƙofa ya kira ni.

"Ɗan jarida, zo ka rubuta. An hana ni ruwa a gidan da jakin Badawi ma yake sha."

"Jakin Badawi ba ya zuwa mustashfa," in ji Zenabu, wato jakin Balaraben ƙauye ba ya zuwa asibiti.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa, ya dubi kwalbar da ke hannunta na ɗan lokaci, ya ce haka ya yi wa Ɗan'auta. Zenabu ta tambaya wane Ɗan'auta. Bai dube ta ba. Ya ce da ni in jawo kujera. Ranar na makara wurin aiki.

Kowa ya san Baba Barau ya yi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, amma ba ya zancen. Ko 'ya'yansa abin da suka sani bai wuce tabon da ke ƙaurinsa ba. Ya ce daga ƙasar Gumel aka ɗauke shi yana saurayi, aka sa shi cikin masu ɗaukar masu rauni. Wani likitan soja Bature ya koya musu abubuwa kaɗan, ya kuma sa su maimaita ɗaya daga ciki har ta zauna: wanda aka ji wa rauni a ciki, ba a ba shi ruwa, ko da zai yi kuka.

Wata safiya suna kan tudu a gefen wani kogi, suka ga jiragen Amurka masu jefa bam, manya masu inji huɗu, suna dawowa daga kudu. Ƙananan jiragen Japan suka faɗo musu daga sama. Ya ce daga ƙasa ba ka jin komai sai ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Ɗaya daga cikin manyan ya fara hayaƙi, ya rage gudu, 'yan'uwansa suka wuce suka bar shi. Ƙananan suka yi ta zagayarsa har fiffikensa ya ɓalle. Mutum biyu suka diro, laima biyu suka buɗe, ɗaya ta kama wuta tun a sama. Jirgin ya faɗa cikin dajin gora a hayin kogin.

Sai washegari suka isa wurin, su kaɗan da wani saje Bature. Waɗanda suka rage cikin jirgin duk sun mutu, wasu ba a gane su. Mutum ɗaya suka samu da rai, nesa kaɗan, igiyoyin laimarsa sun sarƙe a gora. Ƙarfe ya shige shi ƙasan cibiya. Yaro ne, in ji Baba Barau, ko gashin baki bai fara ba, shi ya sa sojojin suka sa masa Ɗan'auta. Hanyar ba ta ɗaukar gadon masu rauni, sai Baba Barau ya goya shi.

"Butata tana nan a ƙugu," ya ce, ya taɓa wurin. "Duk taku sai ruwan ya yi motsi. Yana ji. Ya miƙo hannu yana lalube, ina ture hannun. Wuni guda."

Da yamma suka sauke shi a bakin wani rafi don su huta, a nan ya cika, fuskarsa na kallon ruwan. Suka haƙa rami suka rufe shi. Sajen ya cire ƙarfen sunan da ke wuyansa ya haɗa da na sauran, amma bayan 'yan kwanaki aka harbe sajen wurin tsallaka kogi, ruwa ya tafi da shi da jakarsa. Baba Barau bai taɓa sanin sunan yaron ba. Ya ce daga baya wani ma'aikacin asibitin soja ya gaya masa cewa irin wannan raunin, da ruwa da babu ruwa, duk ɗaya ne.

Ya ce da ya iso Madina, bayan shekarun da ya yi a Sudan inda ya auri Lami, abin da ya fara saye bayan tabarma shi ne randuna biyu. Ya kafa su a ƙofar gida. Da injin ya shigo gari ya sayi injin.

Ban sami wata majiya da ta tabbatar da wannan labari ba. Wafa, wadda ke aikin jinya a wani asibitin kuɗi, ta bincika a wayarta ranar da yamma, ta ce jiragen Amurka da suka ɓace a Bama suna da yawa, har yanzu ana neman wasu. Ba ta iya cewa ga wanda kakanta ya gani ba.

Duk tsawon labarin Zenabu na tsaye a bakin ƙofa da kwalbar a hannu. Da ya gama ta shigo ta ajiye ta a kan taga, inda hannunsa ba zai kai ba.

"Baba, barradar ta wa ce?"

"Na faɗa."

"Ba ta Inna ba ce?"

"Uwarki na yi mata umara. Na yi mata yanka."

"Randunan fa? Wa ya cika su?"

Amsar kowa ya san ta a layin. Kafin a ja famfo zuwa gidajen Ƙurban, Lami ce ke ɗebo ruwa daga famfon unguwa kowace safiya, garwa a ka, ta cika randunan kafin ta ɗora abin kari. Ta yi haka shekaru masu yawa, da ciki da goyo. Zenabu ta ce tana tuna wuyan uwarta yakan sage, ita ce ke shafa mata man zafi.

"Ta san wa take ɗebo wa?"

Ya rufe ido ya ce ya gaji.

Daga ranar gidan ya sauya. Aikin jinya bai ragu ba: ana juya shi a kan lokaci, ana sauya zanen gado. Magana ce ta ragu. Zenabu ta tare ni a matakala ta ce shekara hamsin tana 'yar gidan nan ba a gaya mata ba, sai ɗan haya da ya zo jiya. Na ce wataƙila faɗa wa bare ya fi sauƙi. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Wafa kuwa labarin ya kama ta. Tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, kuma da Larabcin ta zauna gefen gadon tana yi wa kakanta tambayoyi: wane launi ne gashin yaron, ya yi magana, ya ambaci uwarsa? Tsohon da ba ya iya gama jimla sai ga shi yana ba da amsa dalla-dalla. Gashin kamar gemun masara. Yana da wushirya. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa, tsoho, ba na ranar ba. Wafa ta ce ya kamata a rubuta wa Amurkawa, ƙila akwai danginsa da ke jira.

"Tambaye shi launin zanen da aka ɗaura wa Inna ranar aurensu," in ji Zenabu daga kicin. "Mu ji ko ya riƙe."

Bai riƙe ba. Ya ce shuɗi, ya sake cewa ko kore.

Ran Asabar ta saka abaya ta tafi wurin limamin ƙaramin masallacin layinmu, ta dawo da fatawa. Ta tsaya a gaban gadon ta faɗe ta kamar mai karanta sanarwa: malam ya ce sadaka ba ta isa ga wanda ya mutu ba Musulmi ba. Mai shayarwa yana da ladansa, amma wanda aka yi dominsa ba ya samun komai. Ta ce ke nan duk addu'ar da masu shara da direbobi da 'yan makaranta suka yi a ƙofar nan, rahama ga mai sabil, rahama ga mai sabil, ta tashi ba ta sauka ko'ina ba, alhali ga kabarin Inna can a Baƙi'a, tafiyar ƙafa.

"Ni ban ce lada nake aika masa ba," in ji Baba Barau. "Wannan ba aikina ba ne. Ruwa na hana shi, ruwa nake ba shi."

"Ya mutu, Baba."

"Uwarki ma ta mutu."

Ta ce to tunda haka ne, a manna allo da sunan Inna, daga yau ya zama nata. Ya ce idan ya tafi ta yi abin da ta ga dama, gidan nata ne, wutar tata ce, amma yana da rai ba za a rubuta ƙarya a ƙofarsa ba. Wannan ita ce doguwar magana ta ƙarshe da na ji ya yi.

Ran Litinin numfashinsa ya yi nauyi. Wafa ta auna shi, ta ja uwarta gefe ta ce maganar kofi biyu ta ƙare, a ba shi duk abin da ya nema. Zenabu ta ɗauko zamzam, ta jiƙa auduga ta kai bakinsa. Ya kau da kai. Ya ɗaga yatsa ya nuna wajen titi. Duk mun gane: na barradar yake so.

Na miƙe zan ɗebo, Zenabu ta ce in zauna, ita za ta je. Ta ɗauki kofin ta fita. Daga inda nake zaune ina ganin zaure. Ta kai bakin ƙofar gida ta tsaya, hannunta a kan mariƙin. Sai ta juyo ta shiga kicin. Na ji an buɗe firiji. Ta ɗan jira, sannan ta buɗe ƙofar gida ta rufe da ƙarfi yadda za a ji, ta shigo.

"Ga shi, Baba. Na waje ne."

Ta tallafo kansa. Ya sha kusan rabi, a hankali, yana kallonta ta saman kofin. Ta goge masa gemu da gefen mayafinta, ta daɗe tana gogewa bayan ya bushe.

Washegari da hantsi ya cika, kansa a kan cinyarta, Wafa na laƙƙana masa kalmar shahada. Mata ba sa shiga Baƙi'a, don haka Zenabu na gida lokacin da muka sa shi a ƙasa. Kaburburan wurin ba su da suna, dutse ne kawai a kai. Wani cikin ma'aikatan ya ce sashen da aka sa Lami yana can gaba, amma ba wanda zai iya nuna wurin.

Zaman makoki a nan kwana uku ne, bayan magariba. An jera kujeru a titi, ana zagayawa da gahawa da dabino. Zafin Sha'aban bai sauka ko bayan faɗuwar rana ba, kuma duk wanda ya tashi ya danna famfon barradar sai ruwa mai ɗumi ya zubo, domin wutar Zenabu ta cire, ba ta rufe bututun ba. Osman, Bahaushen Sudan mai gyaran na'urorin sanyi, ya zaci lalacewa ta yi, ya ce zai duba da safe don Allah. Aka aiko daga ciki cewa ya bar ta.

A rana ta uku na shiga da tiren kofuna na tarar da Hajiya Tasallah zaune a zaure. 'Yar Damagaram ce, ta haura tamanin, kuma ita ce ƙawar Lami tun suna amare. Zenabu ta durƙusa a gabanta tana yi mata tambayar da ta yi wa ubanta, ko Lami ta san wa take ɗebo wa ruwa.

Hajiya Tasallah ta ce ita Lami ba ta taɓa gaya mata komai game da wani Bature ba. Abin da ta sani shi ne wata shekara, Zenabu na goye, Lami ta fito da safe da taɓarya ta fasa randunan biyu, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Kusan wata guda ba ruwa a ƙofar gidan. Barau bai sayi wasu ba. Rannan sai ga Lami ta dawo daga kasuwa da sababbi a kan amalanke, ta kafa su da kanta, ta ɗauki garwa.

"Ashe ta sani," in ji Zenabu.

"Ni ban ce ba. Uwarki ta taɓa fasa tukunya don an ce miyarta ta yi gishiri."

"Ba ki tambaye ta ba, Inna Tasallah?"

"Na tambaya. Ta ce in kula da mijina."

Zenabu ta zauna a ƙasa sosai. Ta ce da kishiya ce mai rai, da aƙalla an san gidan ubanta. Hajiya Tasallah ta ce ta tashi ta ba ta gahawa, ta bar kishi da yaron da ko kabarinsa ba a sani ba. Zenabu ta ce tata uwar ma ba a san kabarinta ba, amma ita ba wanda ya riƙe launin gashinta.

Bayan mako guda na dawo daga aiki da la'asar na ga sabon abu a ƙofar gida. Randa ce babba ta ƙasa, a kan ƙafafun ƙarfe, an naɗe ta da buhu jiƙaƙƙe, da murfin katako da kofi nata na kanta. An kafa ta dab da barradar, tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba. A jikin bango, daidai saman randar, Osman ya manna ƙaramin allo fari, an rubuta da Larabci cewa sabil ne ga marigayiya Lami 'yar Muhyiddeen, a yi mata addu'a. Saman barradar ba komai.

Ruwan randar ya fi sanyi, don haka can mutane ke sha. Masu sharar titi, 'yan Bangaladash, sukan tsaya su haɗa harufan allon, su ambaci sunan. Zenabu takan zauna bayan labulen taga a irin wannan lokacin.

Famfo ɗaya ne a wajen gidan, shi ne na jikin barradar. Kowace safiya Zenabu kan fito da bokiti, ta tara a ƙarƙashinsa, ta danna har ya cika, ta juye a randa. Hajiya Tasallah ta gan ta ranar farko, ta tsaya da sandarta ta ce ruwan Bature ne dai a randar Lami. Zenabu ta ce ruwan gwamnati ne, ta ci gaba da juyewa.

Osman ya yi mata tayin jan bututu dabam zuwa randar, ko kuma ya ɗauke barradar ya kai wani masallaci da ke buƙata. Ta ce za ta yi shawara. Wafa ta rubuta wa wani ofishin Amurka da ke neman sojojin da suka ɓace, ba a amsa ba tukuna. Watan azumi ya kama, wayar na nan a naɗe a cikin taga, kuma Osman ya ce injin da ya daɗe a kashe cikin wannan zafi ba lalle ya tashi ba.